Jikar Mai Labule a Cikin Kwalba

Duk layin babu wanda bai san Mai Labule ba, babu kuma mai son ya ci karo da bakinta da sassafe. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tef ɗin awo rataye a wuyanta kullum, har 'yan aikinta suna raɗa cewa da shi take wanka. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɗinka labule. Ta yi faɗa da mai gidan haya, ta yi da masu kawo yadi, ta yi da masu gyaran wuta, amma duk waɗannan faɗan wucin gadi ne. Gabar da ta riƙe da gaske, wadda babu sulhu a cikinta, da rana take yinta.

Abin yana da asali. Tana 'yar shekara goma sha huɗu tana koyon ɗinki a wajen wata tela mai zafin rai, aka ba ta wani shuɗin yadi mai tsada ta adana. Ta ninke shi da kyau ta ɗora a kan teburin da ke jikin taga, aka rufe shago na kwana huɗu. Da aka dawo aka warware yadin, sai ga farin layi ya bi kowane ninki, rana ta cinye launin. Telar ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta kwaɗa mata mari, ta ce ta kama gabanta. Mai Labule ta manta fuskar telar tuntuni, amma farin layin nan bai taɓa barin idonta ba.

Da ta tashi kama nata shagon, sai ta zaɓi wanda ke ƙarƙashin wani bene, sai an sauka matakala goma sha ɗaya kafin a isa ƙofarsa. Tagogi biyu ne ƙanana can sama, daidai ƙafafun masu wucewa, ta bi su ta toshe da baƙin shafi ruɓi uku. A baya akwai ɗan fili inda masu haya na da suke shanya, shi ma ta sa aka rufe shi da kwano, ya zama ma'ajiyar bandir-bandir na yadi. Kekunan ɗinki shida ne a ciki, da teburin yanka, da dogayen fitilu farare masu ƙugi. Wanda ya shiga ba zai san safiya ba, ba zai san yamma ba, sai dai cikinsa ya gaya masa. In wata a cikin 'yan aikin ta ce za ta hau sama ta ci abincinta a bakin titi, harara ce take fara tarbarta.

"Ki je ki kwaso min gumi ki shafa a farin yadin mutane? Zauna nan ki ci. Ranar nan ba ta da aiki sai ɓarna."

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Mazan biyu suka girma suka bazama neman na kansu, ɗaya direban babbar mota, ɗaya ma'aikaci a wani gari mai nisa. Auta ce ta rage mata, mace tilo, wadda ta yi rarrafe a tsakanin ƙafafun kekuna, ta yi barcin rana a kan tarin ƙyallaye. Auta ba ta da magana, sai ka yini da ita ba ka ji kalma goma ba, amma hannunta ya fi na uwar. In ta yi wa labule tattara, sai ka rantse da inji aka jera. Mai Labule ta san haka sarai, ba ta kuma taɓa faɗa mata ba, domin a ganinta yabo lalata yaro yake yi.

Sai Auta ta auri mai sa gilashin taga. A wani sabon gini suka haɗu, shi yana kafa gilashi, ita ta zo auna tagogi. Mutum ne mai sanyin hali, dogo, kullum da filasta a yatsa ɗaya ko biyu. Mai Labule ba ta hana auren ba, amma ba ta bar shi ya sha ruwa ba.

"Sana'a dai! Kai ka huda wa mutane gida, mu mu zo mu toshe. Allah ya sa dai kana nan, da mun rasa aikin yi."

Sai ya yi dariya ya ce, "To ai kin ga mun zama abokan ciniki, Umma."

Auren bai canza komai a shagon ba. Shi yana fita aiki tun gari bai gama wayewa ba, sai ya ɗauko Auta a akori-kurarsa ya sauke ta a bakin matakala, ya dawo ya ɗauke ta bayan an kunna fitilun titi. Ranar hutu kuwa barci take yi kamar wadda aka doka.

Da ciki ya shiga, Auta ta fara cewa bayanta, ta fara cewa ƙugunta da ƙashin ƙafafunta. Matakalar nan goma sha ɗaya sai ta dafa bango take hawanta. Uwar ta dube ta sheƙeƙe.

"Kanki aka fara ciki? Ni a kan keken can na fara naƙudarki, sai da na ƙarasa gefen labulen sannan na tashi."

A daidai lokacin wani sabon otal ya ba su aiki, tagogi casa'in da huɗu, duk masu tattara, kuma tattara ta Auta ce. Ta je awon ciki sau ɗaya, ta yini a layi, aka ba ta kati aka ce ta dawo a ɗebi jininta a ba ta magunguna. Ranar komawa ta zo, ta ɗauko katin daga jaka. Mai Labule ta yi tsaki.

"Yini guda a kan benci don a latsa miki ciki a ce lafiya lau? Bari mu rage aikin otal ɗin nan. Asibitin ba guduwa zai yi ba."

Auta ta mayar da katin. Sau uku ana haka, sau uku tana mayarwa.

Wata Talata da hantsi, cikin bai gama cika wata bakwai ba, tana tsaye a teburin yanka da almakashi a hannu, faya ta fashe. 'Yan aikin ne suka cicciɓe ta suka hau da ita matakala, Mai Labule tana gaba tana zagin duk mai motar da ya ƙi tsayawa. Kafin yamma Auta ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Ba ta yi kuka ba, sai wani ɗan nishi, ƙirjinta yana lotsawa ciki da kowane numfashi kamar ana danna shi da yatsa. Nan da nan aka ruga da ita ɗakin bakwaini, aka sa ta a kwalba, aka zura mata siririn tiyo a maƙogwaro, na'ura ta karɓi aikin numfashin. Likita ta ce in huhun ya yi ƙarfi za a cire tiyon ta yi da kanta. In bai yi ba kuwa... likitar ba ta ƙarasa maganar ba, kuma babu wanda ya nemi ta ƙarasa.

Tsoro ya kama Mai Labule, ita kuma tsoronta da faɗa yake fita. Ta yi da mai gadi, ta yi da mai shara. Ta yi da Sista, babbar nas ta ɗakin, wata mai tabarau da ba ta dariya, a kan wanke hannu har gwiwa. Ta tare surukinta a baranda ta wanke shi tas.

"Wannan akwalar motar taka ce ta jijjige min 'ya! Kullum gwaf-gwaf a cikin ramuka, ai dole abu ya zubo."

Ya sunkuyar da kai.

Ranar kwana na huɗu likitar ta kira su ofishinta su uku. Yarinya ce siririya, da alama ba ta girmi Auta da yawa ba, wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa Mai Labule rai.

"Mama, zauna mana."

"A tsaye ma ina ji."

"To. Huhun yarinyar bai gama nuna ba saboda ta zo da wuri, wannan shi ne babban abin. Amma mun auna jininta da na uwar, mun ga wani sinadari da ake kira bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai a jikinsu su biyun. Jariri daga uwa yake samunsa tun yana ciki. Shi ke taimakon ƙashi, kuma muna yawan ganin bakwainin da nasu ya yi ƙasa sun fi shan wuyar numfashi. Ba zan ce shi ya jawo haihuwar ba, ba zan ce shi kaɗai ne matsalar ba. Amma da yana nan, wataƙila da abin ya zo mata da sauƙi."

"A ina ake samunsa, wannan abin?"

"Akwai ƙwayarsa, da mun gani a wajen awo da mun ba ta. Akwai kaɗan a kifi da ƙwai. Amma yawancinsa fatar mutum ce take yinsa da kanta, in rana ta taɓa ta."

Mai Labule ta dafa tebur da hannu biyu.

"Rana? Yarinya, dube ni da kyau. A garin nan da rana take narka kwalta, take cinye fentin mota, za ki ce min 'yata ba ta da rana a jini? Karatun da aka tura ki ke nan? Ku dai ce kun rasa abin da za ku yi wa jaririyar, kuna neman inda za ku rataya laifi!"

Likitar ba ta biye mata ba, ta juya ga Auta.

"'Yar'uwa, yaushe rabonki da ki zauna a waje rana ta taɓa hannuwanki da fuskarki?"

Auta ta yi ta tunani, ta kasa tunawa. Mijin ne ya faɗi lokacin da yake kai ta da lokacin da yake ɗauko ta, ya faɗi matakalar da tagogin da aka toshe, a hankali, bai dubi surukarsa ba. Likitar ta karɓi katin awo ta buɗe, hatimi ɗaya ne tal a ciki.

"Me ya hana ki dawowa?"

Auta ta dubi bango. "Aiki," ta ce.

Mai Labule ta suri jakarta ta fice, ta bugo ƙofar har hoton huhun da ke manne a bayanta ya faɗo.

Ta kwana tana saƙa da warwara, kuma tunanin mai ɗinki ta yi. In labule ya gaza, ƙari ake yi masa. An ce rana ce babu, to a ba yarinya rana mana, me ake jira? Washegari da hantsi, lokacin shigar dangi, ta wanke hannu ta shiga ɗakin bakwaini. Sai a ranar ta lura da abin da idonta ya yi ta tsallakewa. Kwalabe tara ne a jere, kowacce an yafa mata wani abu, wata tsohon tawul, wata guntun bargo. Ta jikarta an rufe ta da wani koɗaɗɗen zanen gado. Tagogin ɗakin kuma duk an saki labule, labulen ma wanda aka yi wa ɗinkin ganganci, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Zuciya ta ɗebe ta. Wato su ce rana ce babu, sannan su lulluɓe yarinya kamar kayan sata! Ta fizge zanen ta jefar, ta kama labulen ta yaye shi har ƙarshen sanda da ƙara. Haske ya faɗo a kan kwalbar. Jaririyar ta zabura, ta watsa hannuwa da ƙafafu, fuskarta ta yamutse ba sauti. Na'urar da ke gefenta ta ɗauki kuka, lambobin jikinta suka fara sauka.

Sista ta taho a guje ta ture ta da kafaɗa, ta saki labulen, ta mayar da zanen, ta zura hannuwa biyu cikin kwalbar ta tattaro jaririyar wuri ɗaya ta riƙe. Wata nas ta ƙara iska. Sai da aka ɗauki lokaci kafin na'urar ta yi shiru. Sannan Sista ta tasa Mai Labule gaba har baranda.

"Baiwar Allah, kanki ɗaya kuwa? Yarinyar nan yanzu a cikin uwarta ya kamata a ce take, cikin duhu da shiru. Haske da ƙara gajiyar da ita suke yi, ƙarfin da za ta yi numfashi da shi kika ƙone mata. Nata bitamin ɗin a cikin magani muke ba ta, a aune. Wa ya aike ki?"

"Ai ku kuka ce rana..."

"Umma!" Surukin ne ya ɗaga murya, karo na farko tun da ta san shi. "Ranar da ta ratso gilashi ma ba ta ba da shi. Likita ta faɗa jiya bayan kin bugo ƙofa kin tafi. Da kin zauna da kin ji."

Ta buɗe baki za ta hau shi, sai ta ga Auta tsaye a jikin bango da rigar asibiti, ta riƙe cikinta da hannu ɗaya. Auta ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara goma kin hana ni rana, Umma, yau kuma za ki kashe min ita da rana? Sau uku na ɗauko katin nan a gabanki. Na ce miki bayana, kika ce lalaci ne. Ki tafi ki gama otal ɗinki. Kada ki sake shiga ɗakin nan."

Sista ta ce ko Auta ba ta faɗa ba, ita ma ta hana. Aka rubuta a takarda aka manna a ƙofa.

Mai Labule ta koma shago ta cika ta yi fam. Ta zagi fitila, ta zagi zare, ta sa aka farke ɗinkin da babu abin da ya same shi. Kowa ya shiga taitayinsa. Can ta ɗaga kai sai ta hango Doguwa, mai keken ƙarshe, ta saki yadi tana murza ƙugunta a ɓoye da bayan hannu. Doguwa tana da cikin wata huɗu, kowa ya sani.

"Ke! Yaushe ne awonki?"

"Makon jiya ne, Umma. Na ga aikin otal..."

"Otal ɗin uban wa? Tashi ki fita min daga shago!"

Doguwa ta fashe da kuka, ta ɗauka korarta aka yi, ta fara ba da haƙuri.

"Asibiti na ce, sakarya! Ki ce su ɗebi jininki, ki ce su auna abin nan na rana. In kika dawo min ba hatimi a katinki, ni da ke ne."

Daga nan ta ɗauki guduma mai cire ƙusa, ta sa aka jawo teburin yanka zuwa filin baya, ta hau kai da shekarunta da nauyinta. 'Yan aikin suka yi cirko-cirko, sai da ƙusa ta farko ta faɗo sannan suka gane, suka ruga suna kwashe bandir-bandir zuwa ciki. Falle uku na kwano ta ɓamɓare, tana yi tana tsine wa kafintan da ya buga su da kyau haka. Rana ta zubo cikin filin, ƙurar shekaru tana yawo a cikinta. Mai Labule ta sauko hannunta yana jini, ta dubi hasken da irin kallon da take yi wa mai gidan haya.

"Daga yau a nan za ku ci abinci. Kowacce ta naɗe hannun riga. Wadda na kama tana ci a kan keke, ta kuka da kanta."

Sai ta zauna a kekenta. Kwalbar nan sau huɗu kacal ta gan ta, amma ita mace ce da take duban taga daga tsallaken titi ta faɗi tsawonta da faɗinta. Ta yanka yadi mai laushi ruɓi uku, baƙin shafi a tsakiya. Ta bar tsaga a inda tiyo da wayoyi suke fita, ta yi ɗan murfi a gefe da za a ɗaga a leƙa ba sai an yaye duka ba. Ba ta sa ƙarfe ko zobe ko ɗaya ba, don kada wani abu ya yi ƙara. Ta wanke, ta goge, ta kai ƙofar ɗakin bakwaini ta ƙwanƙwasa.

Sista ta leƙo ta haɗe rai. "Na ce ba ki shiga."

"Wa ya ce miki shiga zan yi? Karɓi wannan ki cire min tsumman da kuka yafa wa jikata. Asibiti guda, ku rasa mai ɗinki!"

Sista ta juya abin ciki da waje, ta ja ɗinkin da ƙarfi, ta tambaya ko zai jure ruwan zafi. Ta shiga da shi, ta jima, ta dawo ta ce ya zauna cif, sai ta ƙara da cewa sauran kwalaben takwas ne. Mai Labule ta ce ita ma tana da ido. Cikin kwana biyar ta kawo takwas ɗin. Manajan otal ya sauko matakala yana kumfar baki a kan tagoginsa da ke tsirara, ta ce masa baƙinsa manya ne, in haske ya dame su su rufe ido. Ya hau sama da sauri fiye da yadda ya sauko.

Duk da haka takardar tana nan a ƙofa, Auta kuma ba ta yi mata magana. Kullum da hantsi Mai Labule takan zo ta zauna a benci a farfajiyar asibitin. A lokacin ne Auta take fitowa, domin likita ta ɗora ta a kan ƙwaya, ta kuma ce ta riƙa ɗan zama a rana. Sai ta zauna can ɗaya gefen, ta miƙe hannuwa a kan gwiwa. Daga nesa uwar take kallonta, kuma a hasken waje ta ga abin da fitilun shago suka ɓoye mata, ko kuma abin da ta ƙi gani. Wuyan hannun yarinyar ya zama kamar sandar labule. In za ta tashi sai ta dafa benci, in tana tafiya tana rangaji kamar tsohuwa. Wai ita ce mai ido, mai kama kuskuren faɗin yatsa a labulen bene na uku, ga 'yarta ta shekara da shekaru tana lalacewa a teburin da ke gabanta. Kunya ta kama ta, da haushin kanta irin wanda babu wanda za ta sauke wa. Ta gwada sauke shi a kan mai gadi, bai ragu ba.

A kwana na goma sha biyu aka gwada cire tiyon. Surukin ne ya fito ya same ta a benci, idonsa ja. Ya ce yarinyar ta yi ƙoƙari na ɗan lokaci, sai ta gaji ta yi shuɗi, aka mayar. Mai Labule ta nemi abin da za ta zage shi da shi ta rasa. Ta matsa masa ya zauna, rana tana dukansu su biyu.

Kwana goma sha ɗaya suka ƙara wucewa a haka. Ranar na ashirin da uku Auta ba ta fito a lokacinta ba. Hantsi ya wuce, inuwar bishiya ta janye daga bencin, Mai Labule ba ta motsa ba, gumi yana bin tef ɗin wuyanta. Ta kafa wa ƙofa ido. Sai ta ga Auta ta fito, ba ta nufi nata gefen ba, ta taho kai tsaye ta tsaya a gabanta.

"An cire tun safe."

"Tana yi da kanta?"

"Tana yi. Akwai 'yar iska a hanci, amma ita ke ja. Sista ta ce ki zo. Ki wanke hannu, kada ki taɓa komai."

Mai Labule ta wanke hannu har gwiwa ba tare da gardama ba. Ɗakin shiru, kwalabe tara a jere cikin rigunan da ta ɗinka. Ta dubi Sista, Sista ta gyaɗa kai, sannan ta ɗaga ɗan murfin da yatsa biyu, kaɗan. Jaririyar tana kwance a kan gefenta, bakinta babu tiyo. Ƙirjin yana tashi yana sauka da sauri, amma ba ya lotsawa kamar da. Ta motsa, ta yamutsa fuska, ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage, kukanta na farko da kakarta ta ji.

Auta tana tsaye a bayanta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Umma, in an sallame mu ba zan koma shagon nan ba. Ko an cire kwano, ko an cire benen duka. Na gama."

Faɗan ya taso wa Mai Labule har maƙogwaro, a shirye yake tsaf. Wa zai yi tattara? Wa ta ba wa shekara goma tana koya wa yanka? Wa za ta riƙa gani kullum a teburin nan, tun da mazan sun watse? Ta ja numfashi za ta fara, idonta yana kan ɗan ƙirjin da ke tashi yana sauka. Ta tsaya a haka har ta ƙirga masa ashirin.

"Kada ki koma," ta ce da raɗa.

Ta saki murfin a hankali, ta gyara gefensa da ya ɗan karkace, don kada haske ya shiga.